Yatsun Baba

"Ya riƙe ni! Wallahi ya riƙe ni!" Inna ta ƙwala kira daga ɗaki.

'Yarta, ɗalibar aikin jinya, ta shigo da gudu. Wata bakwai ke nan da ɓarin jikin mahaifinta ya shanye, telan da a da almakashi ba ya hutawa a hannunsa. Dangi sun gaji da zuwa dubiya. Ita ke juya shi, ita ke murza masa gaɓoɓi, ba ta taɓa bari an ga hawayenta ba. Yanzu ga yatsunsa sun naɗe a kan na Inna.

Kallo ɗaya ta gane. An koya musu a aji cewa idan saƙon ƙwaƙwalwa ya yanke, tsoka kan ƙage ta dunƙule yatsu da kanta. Ba sauƙi ba ne ya samu.

"Ke 'yar boko, kin yi shiru. Me littafin naku ya ce?"

Ta dubi Inna, wadda rabonta da dariya tun ranar da ya faɗi.

"Ba mu kai wannan babin ba tukuna," ta ce. "Matsa, Inna, kin cika son kai. Bari ni ma ya riƙe ni."