Babu Kowa a Sama

"Me ya sa elektaron ke sauya juyinsa a fuskar dutsen kiristal?" in ji shugaban masu jarrabawa.

Ɗalibar na tsaye gabansu, tana kare bincikenta. Shekara huɗu tana awon nan, amma kullum Malam, mai duba aikinta, ke amsa irin wannan tambayar. Ta dubi kujerarsa. Makon jiya aka binne shi.

"Muna jira, 'yata."

"Ranka ya daɗe, can ciki kowace ƙwayar zarra tana da ta samanta da ta ƙasanta, komai a daidaice. A fuska kuwa..." Ta sake duban kujerar. "Babu kowa a sama. Dole juyin elektaron ya bi inda ya sa gaba."

"Nuna mana."

Ta ɗauke ido daga kujerar, ta ɗauki alli.