Maɓallin Dama

Sojan farko ya leƙo daga bayan tankin ruwa, mai gyara ya matsa maɓallin dama, bindiga ta tashi, soja ya faɗi. Maɓalli ya gyaru ke nan. A nan ya kamata ya kashe na'urar, ya ɗora ta a kan kanta tare da wayoyin mutane. Bai kashe ba.

Shekara goma sha biyu yana gyaran waya a rumfar nan, jikin shagon tela, amma bai taɓa riƙe na'urar wasa ta hannu irin wannan ba. Wasan da ke ciki kuwa, ya san yayan wasan tun yana saurayi, wasan harbi ne wanda ba ka ganin kanka, sai hannunka da bakin bindiga. Wannan ƙanin ne, an yi shi musamman don ƙaramin allo, da sabon labari da sababbin lunguna.

Wata dattijuwa ce ta kawo na'urar ranar Litinin, a naɗe cikin tsumma mai laushi.

"Maɓallin dama yana cijewa idan an matsa shi da sauri," ta ce. "Ka lallaɓa min ita, ɗan nan. Tun da ɗana ya rasu, ita ke ɗebe min kewa."

Ya yi mata ta'aziyya, ya ce ta dawo ranar Juma'a.

Da ya kunna bayan gyaran, ya ga ajiyar wasa guda ɗaya tak, mai nuna inda aka tsaya: zango na talatin da ɗaya, sa'a ɗari huɗu da 'yan kai, lambobin yabo sun cika allo. An ƙara girman rubutu, an ƙure sauti, fentin maɓallan duk ya koɗe. Ya ce a ransa, Allah ya jiƙan yaro, lallai gwani ne. Don kada ya taɓa wa mamaci wasansa sai ya zaɓi sabon wasa. Daidai lokacin wani ya bugi kanta yana masifar wayarsa ba ta caji. Allo ya yi wata tambaya da jan rubutu, mai gyara ya danna bai karanta ba.

Sai da ya ƙoshi da wasa ya koma baya. Zango na ɗaya, minti goma sha tara. Babu lambar yabo ko ɗaya.

Tsohuwar ajiyar ta ɓace. Ya kashe ya kunna, ya cire batir ya mayar, ya jona ta da kwamfuta. Ya kira wani abokin sana'arsa, abokin ya ce masa wasan nan ajiya ɗaya yake riƙewa, idan sabuwa ta hau kan tsohuwa, shi ke nan.

Ya zauna yana ganin dattijuwar a idon zuciyarsa: ta zauna bakin gado, ta kunna, ta kalli lambobin yabon ɗanta kamar mai kallon hoto, ta kashe. Abin da ya rage mata ke nan, shi kuma ya share shi da ɗan yatsa ɗaya, don kwaɗayin wasa.

Sai ya yanke shawarar zai maido da komai da hannunsa. Ya ja ƙofar rumfa rabi, wayoyin mutane suka taru, shi yana harbi. Tela ya leƙo da tef a wuya.

"Malam, yaƙin duniya kake yi ne a ciki? Idan an ci gari ka ba ni ɗinkin tuta."

Ko murmushi bai yi ba. Ranar Laraba ya kai zango na shida, nan kuma ya maƙale. Gada ce doguwa, da maharbi a ɓoye can saman hasumiya. Duk sanda ya taka tsakiyar gadar sai allo ya yi ja. Sau hamsin, sau sittin. Babban yatsansa ya yi kanta, idonsa ya yi yaji, abinci ya ƙi shiga. Ranar Alhamis da yamma yana nan a kan gada.

Ƙarya ta zo masa da sauƙi. Zai ce lalacewar maɓallin ce ta shafi ƙwaƙwalwar na'urar. Tsohuwa ce, ina za ta gane? Ya yi ta bitar maganar har ta zauna a bakinsa.

Juma'a da hantsi ta iso. Ta tambayi lafiyar iyali, ta sa masa albarka tun kafin ta ga aikin. Ya buɗe baki zai yi ƙaryar, albarkar ta hana shi.

"Mama, na yi miki ɓarna," ya ce, kansa a ƙasa. "Gyara ya yi, amma na tsaya wasa da abin da ba nawa ba, na goge wasan marigayi gaba ɗaya. Kwana uku ina ƙoƙarin maidowa, na kasa wuce zango na shida. Ki yafe min."

Ta ciro tabarau daga jaka, ta goge, ta saka, ta miƙo hannu ya ba ta. Ta daɗe tana kallon allon da babu lambobin yabon nan. Ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige.

Sai ya ji ƙarar wasa ta tashi. Ya ɗago. Ba ta bi ta tsakiyar gada ba. Ta dira ƙarƙashi, ta bi jikin ƙarfe a sunkuye, ta canja bindiga ba tare da ta dubi yatsunta ba, ta ɗaga bakin bindigar sama. Harbi ɗaya, maharbi ya rikito daga hasumiya.

Ta share ido da gefen tsumman, ta ce, "Na yafe maka, ɗan nan. Amma ka daina ɗora wa marigayi, shi bai taɓa ganin na'urar nan ba. Bayan rasuwarsa na saye ta, da gida ya yi min shiru. Abin da ka goge, shekara biyu na yi ina tarawa."