Ciyawar Bakin Katanga

Sabon surukin ya kashe injin yankan ciyawa, ya share gumi. Zuwansa na farko ke nan, so yake Mama ta yaba masa. Filin gidan ya kwanta sumul. Har guntun nan na bakin katanga, da aka bari ya kai gwiwa, ya aske shi tas.

Mama ta fito da shayi.

"Mama, malalacin da ya bar wancan gefen, na ƙarasa masa aikinsa," ya ce yana dariya.

Ta ajiye tiren a hankali. Ta je ta durƙusa, tana tattara yankakkiyar ciyawar cikin mayafinta.

"Ba malalaci ba ne, ɗana. Nan baban matarka ya kawo da yanka, ya faɗi, bai tashi ba. Wata bakwai muna kewaye wurin."