Gwiwar Ɗan Fasa-ƙwauri

Jami'in kwastan ya leƙa wata mota a iyakar Jibiya, ya kwashe da dariya.

"Kai ne yau ta ƙofa, har da takardu?"

Shekara goma yana bin mutumin nan da buhunan shinkafarsa a daji, bai taɓa kama shi ba. Yau ga shi zaune, ƙafa miƙe bisa matashi.

"Ranka shi daɗe, ƙoƙon gwiwata ke gocewa, ko sujada ta gagare ni. Maraɗi za ni a yi mini aiki."

Jami'in ya gyara masa matashin ƙafar, ya ɗaga shingen da kansa.

"Allah shi ba da lafiya. Ka ce ma likitan shi gyara daidai sallah, ban da gudu."