Takunkumin da Ya Kwana a Aljihun Tanimu

Tunda ka ce kai kam ka toshe kowace kafa, to gyara zama in ba ka wani misali.

A shekarar da annobar korona ta hana kowa sakat, an yi wani dillalin gidajen haya ana ce masa Tanimu. Cikin gidajen da ke hannunsa akwai na wata tsohuwa, Gwaggo Tabawa, wadda mijinta ya rasu ya bar mata gida mai ɗakuna a jere. Tana zaune a ɗakin ƙurya, sauran ta zuba 'yan haya, da su take ci take sha. Ga tsufa, ga ciwon suga, ga asma. Da mutane suka tashi daga ɗakuna biyu, ta aika aka kira Tanimu, ta ce, "Ɗan nan, ka samo mini masu shiga, amma ka dai san jikin nawa. Amana na ba ka."

Maganar gaskiya, Tanimu ya riƙe amanar nan hannu bibbiyu. Ya girke bokitin ruwa da sabulu a bakin zaure. Ya cika aljihu da takunkumi, duk wanda ya zo baki buɗe ya miƙa masa. Da sassafe zai je ya wangale ƙofofi da tagogi, iska ta ratsa, kowa ya shiga ba sai ya taɓa komai ba. Mutum ɗaya yake shigarwa, sai ya fito wani ya shiga. Shi kuwa yana tsaye can tsakar gida da kara a hannu yana nuni, ga banɗaki, ga rijiya, ga madafa. Gwaggo tana ɗaki, labule a sake. In ka miƙa masa hannu sai ya dafa ƙirji ya ce a yi haƙuri. 'Yan'uwansa dillalai suka laƙa masa suna Likita, ko a jikinsa. Har wani mai hali ya zo da ƙatuwar mota, ya ce shi ba jaki ba ne da za a ɗaure masa baki. Tanimu ya ce, "To Alhaji, a sauka lafiya." La'ada mai tsoka ta wuce shi, bai ko waiwaya ba.

Ana nan, ran nan sai ga surukinsa, Baba Makau, mahaifin matarsa, ya zo nema wa ɗansa ɗakin da zai sa amarya. Tun daga nesa Tanimu ya jiyo tarin dattijon, ga idonsa ya kaɗa ya yi ja. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce ya jiki. Dattijo ya ce, "'Yar mura ce, sanyin damina." Hannun Tanimu na cikin aljihu, ya damƙe takunkumi, amma ina! Mutumin da ya ɗauki 'ya sukutum ya ba ka, da wane bakin za ka ce masa ya wanke hannu, ya rufe baki? Kunya ta danne shi. Dattijo ya wuce bokitin nan ko kallo bai ishe shi ba, Tanimu na biye, kai a sunkuye. Da suka gama duba ɗakuna sai Baba Makau ya ji motsi a ƙurya, ya ce, "Ashe da babba a gidan? Haba, ai ba a shiga gida a fita ba a gaida masu gida ba." Ya yi sallama ya ɗaga labule. Gwaggo ta ga ai Tanimu ne ya kawo shi, ta saki jiki, ta shimfiɗa tabarma, ta ɗebo masa ruwa a moɗarta. Gaisuwa ta miƙe, ashe ma sun san mutane ɗaya, aka shiga tsohon zance ana dariya ana tari. Tanimu na tsaye a waje yana lallashin zuciyarsa wai ai sau ɗaya ne.

Ɗakin ma Baba Makau bai kama ba, ya ce ya yi ƙanƙanta. Ya koma gida ya sha kwanciya, Allah ya tashi kafaɗunsa. Ba a jima ba numfashin Gwaggo ya fara sarƙewa. Aka kai ta asibiti, ba ta dawo da ƙafarta ba.

Rai na Allah ne, in kwana ya ƙare ba makawa, wannan kowa ya sani, Tanimu ma ya sani. Amma sanin bai hana abin cin ransa ba. Ranar zaman makoki surukin nasa ya zo ta'aziyya, ya zauna kusa da shi ya ce, "Allah sarki, baiwar Allah mai kirki. Ran nan har ruwa ta ba ni." Tanimu ya sa hannu a aljihu zai ciro hankici ya share ido, sai ya ciro takunkumin nan, sabo fil a ledarsa.

Ka ga dai mutumin nan ya tare baƙo, ya tare mai kuɗi, wuri guda ya bari, wurin wanda yake jin kunya. Shi ya sa Hausawa suka ce, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.