Sabon Fenti a Ɗakin Abdulrashid

Basiru ya ɗaga guduma ya fasa tsohuwar kantar laka da ke kusurwar ɗakin. Ƙura ta turnuƙe, kyankyasai suka watse. Abdulrashid na bakin ƙofa ya toshe hanci yana dariya.

Ɗakin na Abdulrashid ne, amininsa tun suna kiwon awaki a bayan gari. Tun da matarsa ta rasu bai ƙara taɓa komai a ciki ba. Bango ya yi baƙi da hayaƙin fitila, gadon ƙarfe mai rumfa ya yi tsatsa, daɓen ƙasa duk ya farfashe. Yanzu wai gwaggonsa ta samo masa wata bazawara a wajen Shanono, ga shi aljihu ba nauyi, don gyaɗar bana ba ta yi albarka ba.

"Bar min kawai," in ji Basiru. Manomi ne, amma da rani yakan taɓa gini.

Shi ma aikin ya zo masa a daidai, domin gidansa ya yi masa faɗi. Bayan girbi ne suka yi cacar baki da matarsa Aina'u a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Baki ya suɓuce masa, ya yi mata saki ɗaya. Ta tattara ta koma gidan mahaifinta, Malam Audu, a wani ƙauye kusa da Bici, ko wayar da ya saya mata ba ta ɗauka ba. Tun ba ta kai bakin titi ba ya yi nadama. Kunyar suruki ta hana shi bin ta, sai ya tura Abdulrashid biko.

Abdulrashid ya dawo da albishir: Aina'u na da ƙaramin ciki. Abin da suka daɗe suna roƙon Allah ke nan. Basiru ya zauna daɓas a ƙasa yana ta hamdala.

"Ka ga ke nan babu gaggawa, iddarta sai ta haihu," in ji Abdulrashid. "Amma Malam ya hau dokin zuciya. Kada ka kuskura ka taka gidan nan yanzu. Ka bar ni in lallaɓa shi."

Basiru ya bar masa, shi kuma ya duƙufa kan ɗaki.

Aikin talaka ba ya sauri. Duk ranar kasuwa sai su je Ɗambatta su tsinto abin da ya sawwaƙa: rabin buhun siminti, ragowar fenti a wurin wani mai shago, labulen gwanjo. Basiru ya kankare bango ya yaɓe, ya goge gadon da yashi har ya yi ƙyalli, ya cire rumfar ya mayar da shi na zamani. Ya ɗinke buhunan taki da aka wanke tas, ya yi silin da su, wanda bai sani ba sai ya rantse na kanti ne. Da taga ta gagara saye, ya je gida ya ɗauko wadda ya ajiye don nasa ɗakin.

Fenti shuɗi suka fara samu da araha. Abdulrashid ya ce a'a, kore ake so. Ya ce kuma a kafa madubi ƙasa-ƙasa, amaryar ba doguwa ba ce. Basiru ya yi murmushi, a ransa ya ce ashe mata duk halinsu ɗaya, Aina'u ma kore take so.

Duk sanda aiki ya zo ƙarshe sai wani ya ɓullo. Yau a sake daɓe, gobe a ɗaga dokin ƙofa. Shi kuwa Abdulrashid bai gaza ba wajen zirga-zirgar Bici a kan babur ɗinsa, sanye da wankakkiyar riga don girmama suruki. Kullum ya dawo da labari mai daɗi: Malam ya fara saukowa, Aina'u na laulayi amma da sauƙi, a ƙara haƙuri kaɗan.

Ranar da aka shimfiɗa leda aka rataya labule, matan unguwa suka yi ta leƙowa suna salati. Basiru ya tsaya a tsakiyar ɗakin, hannuwansa duk kore. Ga ɗakin wani ya haɗu, nasa kuwa ko mai share shi babu.

Bai shawarci kowa ba. Da safe ya biya kasuwa ya sayi 'yar rigar jarirai da hula, ya ƙulle a leda, ya hau mota sai Bici.

Ya tarar da gidan a cike, ana ta daka, yara na shigo da itace. Malam Audu na zaune a zaure. Basiru ya tuɓe takalmi ya durƙusa, ya ba da haƙuri, ya ce ya zo mayar da matarsa, ko don albarkacin cikin da ke jikinta.

Tsohon ya dube shi da mamaki, ya ce:

"Wane ciki? Yarinya ta gama iddarta tun watan jiya. Mun zuba ido har mun gaji, ɗan aikenka kullum sai ya ce ka rantse kai da ita har abada."

Ledar ta zame daga hannun Basiru.

"Jibi za a ɗaura aurenta da ɗan aiken naka," Malam Audu ya ce a hankali. "Ni na zaci murna ka zo yi mana. Ai Abdulrashid ya ce ba ka riƙe shi a zuciya ba, kai ne ma ka gyara musu ɗakin da hannunka."