Dillaliyar da Aka Hana Tashi

Malam, daina harara ta haka. Ja kujera ka zauna, ko da yake ni kaina zaman ba ya yi mini. Shekara talatin ina jinyar masu karaya, kuma abin da kake yi wa mahaifinka yau na taɓa ganin inda ya kai wani.

An taɓa kawo mana wata tsohuwa dillaliya, irin masu shiga gida-gida da ƙullin zannuwa a ka. Santsi ya kwashe ta a bakin rijiya, ƙashin kwankwasonta ya karye. Aka yi mata aiki, aiki ya yi kyau, likita ya ce gobe-goben nan a tashe ta ta taka, ko da taku uku ne. Ita ma abin da take so ke nan. Matar da ta saba zaga unguwa huɗu kafin azahar, ina ita ina kwanciya? Sai mutsu-mutsu take yi, tana leƙen taga, tana tambaya wa ya haihu, wa ke aurar da 'ya. Ranar farko da muka miƙar da ita, ta riƙe ƙarfen dogarawa, ta cije leɓe, gumi na zuba, sai ga 'yan dubiya sun shigo da kwanukan abinci. Wata daga cikinsu ta tafa hannu, ta dubi ɗan tsohuwar ta ce, "Innalillahi! Da ranka ake wahalar da uwarka haka?" Shi ke nan fa. Kunya ta kama shi, ya ɗauke ƙarfen ya tura ƙarƙashin gado. Daga ranar, in mun zo sai ya ce barci take, ko baƙi na hanya, a bari sai gobe. Ruwa ma a baki yake ba ta. In ta yunƙura, sai ya dafa kafaɗarta a hankali ya ce, "Inna, kwanta ki huta, me kika rasa?" Na yi faɗa har muryata ta dushe, aka ce ba ni da tausayi.

Ana haka har kwana goma sha biyu. Ƙafar da ba ta karye ba ma ta saki kamar lagwani. Bayanta ya fara gyambo, majina ta taru a ƙirji, zazzaɓi ya sauka. Sai tsohuwa ta daina leƙen taga. Wallahi ranar da na shigo na tarar ta yi tsit, ba motsi ba tambaya, gabana ya faɗi. Da ɗan ya ga haka, da kansa ya durƙusa ya jawo ƙarfen nan, ya ce, "Inna, tashi mu gwada." Ta dube shi ta ce, "Da na ce zan tashi, cewa ka yi in kwanta. To ƙafar ta ji maganarka." Ƙashi kam ya haɗe sarai, hoto ya nuna. Amma a keken guragu ta bar asibitin, kuma ba ta sake taka ƙofar gidan kowa ba. 'Yan dubiyar nan kuwa, ko ɗaya ba ta zo ta taya shi ɗaga ta ba.

To ga mahaifinka can, tun safe yake zuro ƙafa ƙasa kana mayar masa da ita. Zai ji zafi, ba zan yi maka ƙarya ba, wataƙila har ya zage ni, na saba. Tashi ka kama masa hannun dama in kama na hagu, mu kai shi bakin ƙofar can mu dawo. 'Yan dubiya su faɗi abin da za su faɗa. Hausawa dai tuni suka gama magana: zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi.